Rabin Ƙwaya da Wankan Jego

Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ya bar mana koyon yadda ake sha da yadda ake bari. Na biyun ne ba a karantar da mu ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a makarantun Wudil da kewaye, ban taɓa tambayar aji "kun gane?" aka ce mini a'a ba. Kowa ya gane, sai ranar jarrabawa. Wanda ya san wannan bai kamata ya ji majinyaci ya ce "da sauƙi" ya gaskata nan take ba. Ni na gaskata, har na tsaya shaida. Wannan labarin jinyar matata Rakiya ne. Da izininta na rubuta, bayan ta sa na soke wurare biyu.

Shekara biyar ke nan da muka rasa ɗanmu Mustafa, zazzaɓin kwana uku. Aka yi zaman makoki aka watse, kowa ya tashi ban da Rakiya. Ta bar ci, ta bar magana, ta bar keken ɗinkinta har gizo-gizo ya yi masa rumfa. Likitoci suka ce ciwon damuwa ne. Unguwa ta sa masa wani sunan da ya fi wannan gajarta. Kwananta goma sha biyu a asibitin ƙwaƙwalwa a Kano, aka sallamo ta da ƙwaya ɗaya kullum bayan isha'i. Ba zan faɗi sunan ƙwayar ba, don na san halinmu. In na faɗa, gobe wani zai tsaya a kemis ya ce a ba shi irin ta matar Malam.

Ƙwayar ta yi aikinta, ba zan ci amanarta ba. Rakiya ta dawo, keke ya ci gaba da kuka, 'yan kawo ɗinki suka ci gaba da zuwa ana gobe salla suna cewa yau suke so. Sai dai maganin yana karɓar ladansa da barci. Sallar asuba sai na tashe ta sau uku, ta yi sallar ta koma barci, ba ta wartsakewa sai hantsi ya dubi ludayi.

Haka muke har 'yarmu ta fari, Hafsatu, wadda ke aure a Utai, ta sami ciki. Rakiya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa kama sunanta ba, da tana gida "waccan" ce, da ta yi aure ta zama "mutuniyar Utai". Amma kowa ya san haihuwar fari a gidan uwa ake wankanta. Kwana arba'in uwa na dafa ruwan ganye tun duku-duku, ta yi wa mai jego wanka safe da yamma, ta yi wa jariri nasa, ta gasa cibi, ta dama kunun kanwa. Uwar da ba ta iya kiran sunan 'yarta ba, a kwana arba'in ɗin nan take faɗin duk abin da ke bakinta, da hannu.

Cikin na wata huɗu sai ga yayata, Yaya Asabe, daga Darki da saƙo. Ta haɗu da uwar mijin Hafsatu, Hajiya Lami, a wajen wani biki, Hajiyar ta ce a gaya wa Rakiya kada ta wahalar da kanta, wankan ita za ta yi a Utai. Ta ƙara da cewa, "Ai ruwan jego da asuba ake ɗora shi."

Rakiya tana kan keke. Ta ce, "Allah ya saka mata da alheri." Ta ci gaba da ɗinki. Da yamma na tarar da ita tana farke riga, ta ɗinke bakin hannun ruf.

Da ranar asibiti ta zagayo sai ta roƙi likita ya raba ta da maganin. Ba ta faɗi dalili ba, ni kuma ban haɗa biyu da biyu ba, duk da na koyar da lissafi na shekara shida. Likitan matashi ne, mai sauraro in ya sami sarari. Ya duba takardunta ya ce, "Hajiya, kin daɗe lafiya, ba laifi mu gwada. Amma wannan magani hawan soro ne. Da tsani aka hau, da tsani ake sauka. Wanda ya diro shi ma zai iso ƙasa, sai dai ba da ƙafarsa zai tashi ba." Ya ce a raba ƙwayar gida huɗu, duk wata a cire kashi ɗaya, in jiki ya yarda. Na rubuta wannan duka a littafina, ban da "in jiki ya yarda". Na ga Rakiya tana taɓa yatsunta a ƙarƙashin hijabi. Wata huɗu a gama magani, wata biyar a haihu. Lissafinta ya fita.

A gida na ɗauko reza da rula zan yanka ƙwayar. Ta farko ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado, ta biyu ta zama gari. Rakiya ta ce, "Malam, kawo. Kai a allo kake raba abu huɗu." Ta ɗora ta a kan faranti, ta danna sau biyu da rezar ɗinkinta, sai ga ɓari huɗu kamar an auna.

Watan farko bai yi mana tsanani ba. A kwana na uku da rage kashi ɗaya ta ce ƙasa na ɗan yi mata lilo, abinci kuma yana taso mata. Kwana goma abin ya lafa. Muka koma Kano.

Layin asibitin nan makaranta ce mai zaman kanta. Ka yi asuba a Wudil, ka tari mota a bakin gada, ka biya kuɗin da ya ɗara na wancan watan ba tare da hanyar ta ƙara tsawo ba, ka isa da sanyin safiya ka tarar benci ya cika. Masu ba da kati suna da saurin hawainiya. A nan na haɗu da wani mutumin Lajawa da na sani, muka gaisa har da tambayar damina, ya ce dubiya ya zo, na ce ni ma. Kowannenmu da kati a hannu. Sai azahar ta gabato ake kiran mu, a ba mu minti biyar.

"Hajiya, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

A wannan karon gaskiya ta faɗa. Aka sauko rabi.

Watan rabi shi ne inda zan roƙi mai karatu ya buɗe ido, don ni nawa a rufe suke. Ga abin da na gani. Na ga Rakiya tana bin bango in za ta kicin, na ce sabon salo ne. Na ga ta daina zura zare a allura da kanta, tana cewa hasken ɗakin ne ba kyau. Na ga shayina yana zuwa rabin kofi. Na ga tana zufa ana sanyi. Na ga matar da shekara ashirin da shida ban ji ta ɗaga murya ba ta tsare akuyarmu a tsakar gida tana yi mata faɗa, har da tuna mata laifin bara. Bayan ta gama da akuyar ta zauna a kan turmi ta yi kuka, na tambaye ta, ta ce hayaƙi ne. Ba a hura wuta ba.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne asuba. Kafin ladan ya yi gyaran murya Rakiya na kan darduma. Na yi murna, na ba ta maki goma bisa goma. Ban san cewa ba tashi take yi ba, barcin ne ya ƙaurace mata, in ma ya zo sai ya zo da mafarkai masu kala kamar talabijin. Daga baya ne ta gaya mini sauran: in ta juya ido da sauri sai ta ji kamar an ƙyasta ashana a cikin kanta an kashe, wani abu ya bi ta wuya ya sauka har yatsu, kamar ta taɓa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu.

Wajen mako na huɗu abin ya fara sassautawa, amma bai tafi ba. Muka koma Kano.

"Hajiya, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Likitan ya dube ta, ya dube ni. "Malam, haka ne?"

"Sosai ma, likita. Yanzu har riga ni tashi take yi."

To ka ji shaidar zur da zuciya ɗaya. Ba na wanke kaina, amma a duba lamarin. Mu mutane ne da in ka je gaida wanda ke gargara, ka ce ya jiki, danginsa za su ce da sauƙi, kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, kana fita a kira ka jana'iza. Ba ƙarya muke nufi ba, ladabi ne da godiyar Allah. Likita kuma da ya ce "ya jiki" tambaya yake yi, mu kuwa gaisuwa muka ji. Ga shi ita Rakiya tana da nata dalilin na son kada a tsaya. Aka sauko kashi ɗaya cikin huɗu.

Kwana uku da wannan ragi gidan ya birkice. Jiri ya kwantar da ita. Abin da ta ci ya dawo. Hannunta na rawa har cokali na kaɗa kwano. Ƙarar rediyona, wadda ta jure tun muna amarya da ango, ta zama mata kamar ana sara mata kai. Keke ya yi shiru. Wannan shirun ne ya tsorata ni, don na san lokacin da ya taɓa yin irinsa.

'Yan dubiya suka fara sallama, kowa da takardar maganinsa a baki. Wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Wata ta kawo zuma da habbatus sauda, wannan kam mun sha mun gode. Wani abokin aikina ya duba wayarsa ya ce ciwon ne ya dawo, in mayar da ita kan cikakkiyar ƙwaya a daren nan. Kowa ya shiga ya ce ya jiki, Rakiya ta ɗago kai daga filo ta ce da sauƙi.

Yaya Asabe ta zo ta tsare ni a zaure.

"Kai Habibu, boko ya cinye maka kai. Me kuke yi wa baiwar Allah nan?"

"Rage mata ake yi a hankali, Yaya."

"A hankalin wa? Yaye ne fa wannan. Ka taɓa ganin an yaye yaro da rabin nono? Rana ɗaya ake ɗauke shi a kai shi gidan kaka, ya yi kukan kwana uku ya manta. Ku kuna ta nuna mata kuna ɓoyewa, ba dole ta haukace ba. Ba ni ƙwayoyin in tafi da su Darki."

Wallahi maganar ta shige ni, don tana da kai da ƙafa, kuma Yaya ta yaye 'ya'ya tara. Na shiga ɗaki zan ɗauko kwalin. Rakiya, wadda na ɗauka barci take yi, ta dafe shi da hannunta.

"Yaya, ki yi haƙuri. Likita bai ce ba."

"Likitan ne ke kwance ko ke?"

"Ni ce. Amma bai ce ba."

Da an bi ta Yaya, da ni, da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

Ana cikin mako na uku da wannan ragi matar maƙwabcinmu Isa mai kifi ta haihu. Ranar Rakiya ta ɗan ji dama, ta ce za ta leƙa barka, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba ta yi rabin awa ba ta dawo. Ta tsaya a kaina ina gyara takardun yara.

"Malam, gobe za mu Kano."

"Ranarmu saura kwana tara."

"Gobe."

Sai da ta zauna ta sha ruwa ta ba ni labari. Ta shiga ɗakin mai jego, aka miƙo mata jariri kamar yadda ake yi wa kowa. Tana tsaye ta karɓa. Wata ta kira ta daga baya, ta waiwaya, ashanar nan ta ƙyasta, ɗakin ya kife. Ta ce ba ta san hannunta na riƙe da komai ba na ɗan lokacin da bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Ta ƙanƙame yaron, ta sulale ta zauna a ƙasa a hankali. Matan suka yi dariya suka ce Rakiya ta tuna zaman jego. Ba wanda ya lura.

"Ɗan mutane ne fa, Malam," ta ce. "Ɗan mutane."

Washegari muka yi layin da ba namu ba. Ma'aikaciyar da ke kiran suna ta ce ba ranarmu ba ce, ta faɗa da muryar da ta isa kowa a benci ya ji. Rakiya ta ce mata za mu jira har a gama da kowa. Muka jira. La'asar ta kusa muka shiga, likitan ya gaji har ya cire tabarau.

"Hajiya, lafiya? Ya jiki?"

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. Tunda muke ba ta taɓa yi mini haka a gaban baƙo ba.

"Likita, ba sauƙi. Wancan zuwan ma ba sauƙi, na ce maka akwai. Malam bai sani ba, kada ka ga laifinsa."

Ta zayyana masa komai, tun daga bin bango har ɗan Isa mai kifi, a jere, ba ragi ba ƙari. Na zauna ina jin labarin gidana kamar baƙo. Likitan ya mayar da tabaransa, ya tambaye ta ko tana jin irin abin da ta ji bayan rasuwar Mustafa.

Ta ce, "A'a. Wancan karon ba na son komai. Wannan karon ina so, jikin ne ya ƙi."

Ya ce a shekarunsa na aiki ba a taɓa rarrabe masa abin nan biyu da kyau haka ba. Ya yi mana bayani cewa jiki ya saba da maganin shekara da shekaru, in aka janye da sauri sai ya yi bore. Alamar boren ita ce yana zuwa kwana kaɗan bayan ragi, da jiri da zufa da wannan ƙyastawar, yana kuma lafawa in aka koma matakin baya. Dawowar ciwon kuwa a hankali take sanɗowa. Ya ce wani lokacin su ma sai sun lura da kyau suke bambancewa, don haka ba aikin zaure ba ne. Ya ce matakan ƙarshe na tsanin sun fi na sama nisa da juna, shi ya sa rabi zuwa kashi ɗaya ya fi duka zafi. Sai ya ce ta koma rabi, ta zauna a nan wata uku ba motsi.

Na ga yatsunta sun motsa a ƙarƙashin hijabi, suka tsaya.

"To wankan fa?"

"Wane wanka, Hajiya?"

A nan, a gaban likita, na fara jin dalilin duk wannan wahala. Ta faɗa kanta a sunkuye. Likitan ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce, "Hajiya, ai da kin faɗa tun farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya ce rabin ƙwaya ba zai danne ta kamar guda ba, ta riƙa sha da magariba maimakon bayan isha'i, in jiki ya daidaita ba abin da zai hana ta. Ruwan zafi dai wani ya riƙa ɗauka. Ya ƙara da cewa kada ruwan ya zama na fige kaza, kanwar ma a sassauta. Ina da ƙorafi a kansa, cewa da ya tambaye ta barci nawa take yi da me take ji in ta miƙe, maimakon ya gaishe ta, da an gane tun wata guda baya. Na faɗa masa. Ya karɓa, bai yi fushi ba, kuma tun daga ranar tambayoyinsa sun zama irin na mai binciken makaranta. Allah ya yi masa albarka.

Kwana huɗu da komawa rabi aman ya tsaya. Mako guda ta yi barcin awa shida, ta tashi tana mamaki. Ƙyastawar ta riƙa raguwa, daga sau ashirin a yini zuwa sau biyu, zuwa sai in ta gaji. Ta ɗauko wata dabara da kanta: kullum da safe sai ta zura zare a allura, in ya shiga a karo na ɗaya ko na biyu ta hau keke, in ya ƙi ta san yau ranar zama ce. A mako na uku ta ce in raka ta Utai.

Ni a zaure na tsaya wajen maza. Abin da ya faru a ciki Hafsatu ce ta ba ni, tana bayan labule. Bayan gaisuwar da ta ci kusan rubu'in awa, Rakiya ta ce, "Hajiya, roƙo na zo."

"Roƙon me, Rakiya? Faɗi."

"Yarinyar nan." Ta tsaya. "Hafsatu. Ina so ki bar mini wankanta."

Hafsatu ta ce sai da ta dafa ƙofa. Shekararta ashirin da huɗu, ranar ta fara jin sunanta a bakin uwarta.

Rakiya ta kwance bakin mayafinta ta fito da rabin ƙwaya ta ajiye a kan tabarma. Ta ce ga abin da take sha, ba ta daina ba, ba kuma za ta daina kafin haihuwa ba. Ta ce ta so ta zo hannu wofi ta ce ta warke, garin haka ta kusa jawo abin da ya fi. Ta ba ta labarin ɗan Isa mai kifi.

Hajiya Lami ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ke yanzu kin zo neman jariri, kin fara da ba ni labarin ranar da kika kusa yar da na wasu? Wa ya koya miki ciniki?"

"Gara ki ji a bakina."

Hajiya Lami ta jawo jakarta ta zazzage. "Ga na hawan jini, ga na suga, ga na gwiwa. Uku nake sha, ba wanda ya aiko mini in huta." Ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya. "Amma jikana ne, Rakiya, ba zan ce miki to don kin ba ni tausayi ba. Duk Juma'a ina shigowa kasuwar Wudil. Zan riƙa biyowa ta gidanki da sassafe. Idona zai gaya mini."

Haka aka yi. Juma'a shida Hajiya Lami tana yi mana sallama rana ba ta gama fitowa ba, wai ta zo shan ruwa. Ta farko ta tarar an share tsakar gida, koko na kan wuta. Ta biyu ma haka. Ta uku ta zo a ranar da zare ya ƙi shiga allura. Na so in ce mata Rakiya ta leƙa maƙwabta, har na fara haɗa jimlar, sai muryarta ta fito daga ɗaki: "Shigo, Hajiya. Yau ba daɗi, jiri nake ji, na kwanta." Na ce a raina shi ke nan, wanka ya tafi Utai. Hajiya Lami ta shiga, ta daɗe, ta fito ta ce mini "a gaida yara" ta wuce. Daga baya ta gaya wa Yaya Asabe cewa a ranar ta yanke shawara. Ta ce wadda za ta ce yau ba zan iya ba, ita ake ba jariri.

Hafsatu ta haihu ranar wata Talata da hantsi, a nan Wudil, namiji. Daga asibiti gidanmu aka wuto da ita. Yaya Asabe ta iso daga Darki da ƙullin kayanta, ba wanda ya aika mata, ta ce ɗaukar ruwa nata ne, kada wanda ya taɓa mata bokiti. Har yau tana nan a kan cewa da an ba ta ƙwayoyin da tuni an wuce wajen, amma kwana arba'in ba ta bari Rakiya ta ɗaga ko tulu ba. Rakiya ke hura wuta, ita ke sirka ruwa ta gwada da gwiwar hannu, ita ke fyaɗa ganyen darbejiya, ita ke wanke yaron a kan cinyarta. Cikin arba'in ɗin sau biyu ta ce yau Yaya ta karɓa. Sauran talatin da takwas nata ne. Ni aka bar ni da sayen itace da ƙafar saniya, aikin da aka ga ya dace da iliminka in kai namiji ne.

Yanzu da nake rubutun nan tana kan rabi an ɗan ɓantare gefe. Likita yana rage ɗan mitsitsi duk wata biyu, ya ce mai yiwuwa a shekara, mai yiwuwa a tsaya a wani mataki a zauna. Ta ce duk wanda ya zama, ba ta da sauran gaggawa. Wanda ke da majinyaci irin nawa, ina roƙonsa kada ya rage ƙwaya ko ya ƙara don maganar zaure, komai daɗinta. In an yi ragi ya sa ido kwana uku zuwa mako, ya ƙirga barci da idonsa, ya kalli hannu, ya kalli tafiya. In abu ya rikice kada ya jira ranar kati. "Da sauƙi" kuwa a ajiye wa 'yan dubiya, su suka zo jin ta. Likita a ba shi ɗanyen labari.

Ranar da aka cika arba'in mata suka mayar da Hafsatu ɗakinta da gara daidai ƙarfinmu. Yaya Asabe ce ta kawo mini rahoto. Ta ce Hajiya Lami ta tsayar da mai jegon a tsakar gida, ta juya ta gaba da baya kamar mai sayen saniya a kasuwar kara, ta matsa kumatunta, ta karɓi yaron ta auna shi a hannu, ta buɗe cibi ta duba. Sannan ta juyo wajen Rakiya a gaban matan Utai duka.

"To, Rakiya, kin jawo wa kanki. Na biyu ma ke za ki yi, da na uku. Ni na huta."

Rakiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi gefe.

"Ni wa ya ce ina so?"

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ba masu jinya ido.